Cefanen kullum shi ke cinye kuɗin gida

A garuruwanmu na arewacin Kamaru, daga Ngaundere zuwa Garwa, Marwa har Kuseri, babu wanda ke sayen abinci da tsada kamar mai ƙaramin ƙarfi. Mai hali yana sauke buhu a kaka, ya ajiye jarkar mai, ya manta da kasuwa. Talaka kuwa kowace safiya sai ya miƙa wa uwargida sefa 1,000 ko 1,500, ita kuma ta aiki yaro ya auno rabin tasa, ya sayo ƙullin mai, ƙullin gishiri, kashin tumatir da dunƙulen magi uku. A cikin kowane ƙulli akwai ribar mai kanti, akwai kuɗin leda, akwai ɗan abin da hannu ya rage. Duk mai shakka ya ƙirga ƙulli nawa ake fitarwa daga litar mai guda, ya haɗa kuɗin, ya gwada da farashin litar. In kuwa bashi ake ci a kanti zuwa ƙarshen wata, to ko bakin neman ragi babu.

A ganina wannan tsari na ba da kuɗin cefane kullum-kullum shi ne babbar ƙofar da kuɗin gida ke zurarewa. Kuma abin da ake sayowa da shi yawanci ciki kawai yake cikawa, ba ya gina jikin yaro. Binciken lafiyar al'umma da aka yi a Kamaru a 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma a yankunanmu na arewa adadin ya haura haka, alhali mu ne masu dawa da wake da gyaɗa da shanu da kifi.

Tsadar kaya gaskiya ce, ba wanda zai musa. Litar man dizal da take sefa 575 ta koma 720 a Fabrairun 2023, ta sake hawa zuwa 828 a Fabrairun 2024. Shinkafar waje da alkama ta tashar Duwala suke shigowa, su hau jirgin ƙasa ko tirela zuwa Ngaundere, daga nan mota ta gangaro da su Garwa, Marwa, Kuseri har Njamena, kuma duk ramin hanya da duk shingen da aka tsaya mai saye ne ke biyansa. Ambaliyar 2022 da ta 2024 sun cinye gonaki a bakin Logon da cikin Chadi. Duk wannan ba ya hannun magidanci. Abin da ke hannunsa shi ne lokacin da yake saye, da abin da ke shiga tukunyarsa.

A fara da karin kumallo, don nan ne ɓarnar ta fi fitowa fili. Tun Maris na 2022 farashin burodi na hukuma ya tashi daga sefa 125 zuwa 150. Gida mai mutum bakwai ba zai ƙoshi da ƙasa da guda huɗu ba, wato 600 a rana, 18,000 a wata, ba a sa sukari da ganyen shayi da madara ba. A kakar shekara mai albarka wannan kuɗi ya kusa buhun dawa. Kuma yaron da ya karya da burodi da ruwan shayi, kafin ƙarfe goma ya fara hamma a aji. Ɗumamen tuwon jiya, ko kunun gyaɗa na rabin kilon gero da kofin gyaɗa guda da ruwan tsamiya, ko koko da ƙosai, kowanne ya fi riƙe ciki kuma bai kai wannan kuɗin ba. Mun mai da burodi alamar wayewa, ɗumame kuma alamar rashi, wannan tunanin yana da tsada ƙwarai.

Gidan mutum bakwai, manya biyu da yara biyar, yana cin hatsi kimanin kilo biyu da rabi a rana. Buhu mai kilo 100 zai kai kwana 40. Watannin wuya huɗu ne, Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo ba, hanyoyin ƙauye kuma sun yanke. Buhu uku ke raba gida da wannan tashin hankali. Wake kuma, in ana dafa rabin kilo sau huɗu a mako, buhu guda ya ishi shekara. Mu nan muna da gatan da wasu wurare ba su da shi, kaka biyu ce gare mu. Gero, masara, jar dawa, gyaɗa da wake suna shigowa daga Oktoba zuwa Disamba. Muskuwari, wadda ake dasawa a ƙasar karal bayan ruwa ya janye, wadda a Chadi ake kira berbere, tana shigowa Fabrairu zuwa Maris. Wanda ya kuskure ta farko yana da ta biyu, kuma ta biyun ta fi kusa da damina, ajiyarta ba ta daɗewa.

Mutane da yawa sun taɓa gwada ajiya, ƙwaro ya mai da waken gari, suka rantse ba su ƙara. Matsalar daga yadda aka ajiye ne. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi, ƙwansa na manne a jikin ƙwaya, don haka buhun da ka ga tsaf a Nuwamba zai iya hujewa kafin Fabrairu. Abin takaici, maganin wannan a Marwa aka gano shi. Masu binciken noma na can tare da jami'ar Purdue ta Amurka suka yi aikin tun ƙarshen shekarun 1980, daga nan buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS ya samo asali, yau ana amfani da shi a ƙasashen Afirka da dama, amma a unguwanninmu har yanzu akwai gidan da bai taɓa ganinsa ba.

Buhun leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Kafin a zuba komai a hura kowace leda a matse, in iska na fita to akwai huji, ba ta da amfani. Waken ya bushe ƙayau, a sheƙe shi a tsince tsakuwa da itatuwan da za su iya huda ledar. A zuba, a bar wuri a sama, a danne iska ta fita, a murɗe bakin leda ta ciki a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. Ɗaure su gaba ɗaya da igiya guda shi ne kuskuren da aka fi yi. Ƙwaron da ke ciki zai shanye 'yar iskar da ta rage ya mutu. A ɗora buhun a kan katako, nesa da bango, saboda ɓera ɗaya ya isa ya lalata aikin. Kuma kada a riƙa buɗewa ana ɗiba kowane mako, duk buɗewa sabuwar iska ce.

Saboda haka ga gidan da zai riƙa ci a hankali, jarka ta fi. Jarkar man girki mai lita 20, a wanke ta bushe sarai, tana ɗaukar wake kilo 15 ko ɗan fiye. A cika ta har wuya ana girgizawa, a sa leda a baki a murɗa murfi. Jarka shida ko bakwai sun ɗauke buhu, ana buɗe ɗaya sai ta ƙare a taɓa ta gaba. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba ta shiga wannan aiki ko an wanke ta sau goma. Wanda ba shi da ko ɗaya, toka ma tana yi: awon toka da aka tankaɗe daidai da awon wake, a gauraya a tulu, a rufe sama da toka mai kauri.

Don a tabbatar hatsi ya bushe, a zuba ɗan kaɗan a busasshiyar kwalba tare da cokalin busasshen gishiri, a rufe a girgiza, a bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba akwai sauran danshi, a mayar rana. Hatsi mai danshi a rufaffen wuri fumfuna yake yi, kuma fumfunar masara da gyaɗa tana haifar da gubar da ke lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta. Shi ya sa gyaɗar nan mai arha, wadda ta yamushe ko ta canja launi ko take ɗaci, ba arha ba ce. A tsince a zubar, kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli da ita. Haka nan, a yankin auduga kamar namu maganin feshi na kusa da hannu, wasu na barbaɗa shi a buhun wake. Wannan maganin an yi shi ne don gona. Wake mai warin magani a bar wa mai shi kayansa, komai sauƙin kuɗinsa.

Za a ce, Malam, da ruwan ciki ake jan na rijiya, wanda ke neman na yau ina zai samu kuɗin buhu uku? Tambaya ce ta gaskiya. Amma adashe muna yi, sai dai kwasar takan tafi kan anko da kayan ɗaki. A tsara kwasa ta faɗo a Nuwamba ko Maris. Gida huɗu ko biyar su haɗa kuɗi, mutum ɗaya ya je kasuwar Pitowa ran Lahadi ko wata kasuwar ƙauye ya sauko da buhu a raba, kuɗin mota ma ya rabu tsakaninsu. Mai kuɗin auduga ya fara cire na hatsi kafin komai. Manomin da ke sayar da wakensa duka a kaka saboda tsoron ƙwaro, ya dawo yana auno shi a Agusta da tsada, jarka uku kawai zai ware ya huta. Mai aikin yini, in ya iya ajiye sefa 100 a rana, 3,000 ke nan a wata, a watannin kaka zai cika jarka a hankali. Ko mayar da cefanen mai, gishiri da daddawa na mako-mako maimakon na kullum, ragi ne da za a gani. Wannan duka ba ya yiwuwa sai maigida ya zauna da uwargida sun yi lissafi tare. Ita ta san kwana nawa tasa ke yi, shi kuma ya san abin da ke shigowa, kuma a gidaje da yawa ba wanda ya taɓa faɗa wa ɗan'uwansa.

A tukunya kuma, mun ɗauka abinci mai gina jiki shi ne nama. Kilon nama da ƙashinsa bai fi giram 150 na sinadarin gina jiki ba. Kilon busasshen wake yana da kimanin 230, waken suya kimanin 360, ƙuli-ƙuli kusan 400, busassun ƙananan kifi sun haura 500. A mafi yawan watanni kuɗin kilon nama zai sayi kilon wake uku. Hatsi da wake in suka haɗu a kwano guda, kowanne na cike giɓin ɗan'uwansa, shi ya sa ɗanwake, alale, dawa da wake, miyar wake a kan tuwo da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli cikakken abinci ne, ba na maneji ba. Waken suya ana noma shi a yankin Arewa, kuma awara ba ta da wuya: a jiƙa kwana, a markaɗa, a tace, a tafasa madarar sosai, a zuba ruwan tsami ko na tsamiya kaɗan-kaɗan har ta dunƙule, a juye a ƙyalle a danne da dutse. In an zuba tsamin tun madarar ba ta tafasa ba, ba ta kamawa. Dusar da ta rage a gauraya ta da garin tuwo ko ƙullun ƙosai, ba ta awaki kaɗai ba ce.

Ƙananan kifin Lagdo, Maga da Logon sun fi babban kifi amfani ga mai ƙaramin kuɗi, domin ana cinye su da kai da ƙashi, nan ne sinadarin ƙarfafa ƙashi yake. A wanke da ruwan ɗumi, a shanya, a ɗan gasa, a daka su zama gari, a zuba cokali uku ko huɗu a miya. Garin kifi yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba. Tsokar nama biyu a miya, kowa ya san kwanon da suke tafiya, na maigida ne da baƙonsa. Garin kifi kuwa kowace loma ta samu, har ta autan gida da mai ciki, waɗanda su ne suka fi bukata. In an samu kuɗin nama, 'yar hanta kaɗan ga yara sau ɗaya a mako ta fi tsoka amfani wajen ƙarin jini. Kifi ma a sansana kafin a saya, wasu masu busarwa na sa masa maganin ƙwari.

Damina da hatsi ke tsada, ita ce kuma lokacin da nono ke arha, ƙwan zabi ke fitowa, tafasa, lalo, rama, yakuwa da alayyahu ke tsirowa har a bayan gida. A ci ɗanye a lokacin, a shanya na rani. Shanyar a inuwa mai iska ake yi, rana tana ƙone sinadarin da ke gyara ido da kare jiki. Kuka ko zogalen da ya bushe daidai kore shar yake zama, in ya koma ruwan ƙasa amfaninsa ya ragu. Zogale a zuba shi dab da saukewa, kuma miyar ganye tana son ɗan mai ko gyaɗa, in babu maiƙo jiki ba ya ɗaukar wannan sinadari. Kuɓewa, tumatir da albasar Marwa su ma a yanka a shanya lokacin da suka cika kasuwa. Madarar shanu ɗanya a tafasa ta kafin a ba yaro.

Tun 2011 dokar Kamaru ta wajabta sa bitamin A a man girkin da ake tacewa a masana'anta, har da man auduga na Diamaor da muke amfani da shi. Haske yana lalata wannan bitamin, don haka ƙullin man da ya yini a rana a kan tebur ya yi asara biyu. Lita huɗu zuwa biyar a wata ta ishi gidan mutum bakwai, a ajiye a rufe cikin duhu. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a rana, ƙaramin cokali guda ke nan. Tukunya mai magi biyar, ga gishiri, ga kanwa, hanyar hawan jini ce, maganinsa kuwa na kowane wata ne. A rage magin zuwa rabi, a cike da daddawar kalwa ko ta batso, garin kifi, albasa da tafarnuwa, cikin mako biyu harshe zai saba. Gishirin da za a sa ya zama mai aidin, saboda maƙoƙo da ƙwaƙwalwar yara, a rufe shi, a zuba a ƙarshen girki. Shayi kuma, wanda daga Kuseri zuwa Njamena ba a raba shi da tashi daga kwano, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarin jini da ke cikin wake da ganye. Mai ciki da 'yan mata su jinkirta shi awa guda ko fiye, a matsa lemun tsami a kwaɗo ko a bi abinci da gwaba ko mangwaro.

Kanwa tana nunar da wake da wuri amma tana kashe wasu bitamin. Jiƙo ya fi ta. A jiƙa wake tun dare, a zubar da ruwan, a tafasa shi sosai minti 20, a sauke tukunyar a rufe, a naɗe ta da tsohon bargo a cusa cikin kwando. Bayan awa biyu zuwa uku ya nuna da zafin kansa, itacen da zai ci ya ragu sosai. In ya wuce awa huɗu a naɗe, a sake tafasa shi kafin a ci.

Yaron da ya cika wata shida ya fara cin abinci bayan nono shi ne aka fi cuta da sunan arha. Ana dama masa kunu tsararo, ruwa zalla, cikinsa kuma bai wuce ɗan kofi ba, sai ya cika da ruwa ya kwanta da yunwa. Garin kunu na gida ba ya bukatar gwangwanin kanti: awo 6 na gero ko masara, 2 na waken suya, 1 na gyaɗa da aka tsince. Kowanne a soya shi daban. Waken suya sai ya yi ja, warin ɗanye ya fita, a ɓarza a sheƙe ɓawon, in bai soyu ba yana kumbura ciki kuma jiki ba ya amfana da shi. A niƙa tare, a yi na mako uku ko huɗu kawai, don man gyaɗar kan canja ɗanɗano. Wajen damawa, awo 1 na gari, awo 2 na ruwa, a dafa. Zai yi kauri kamar ba zai shawu ba, a nan iyaye mata ke ƙara ruwa su ɓata aikin. Maimakon ruwa, a sauke ya ɗan huce, a barbaɗa garin tsiro ɗan yatsa uku a juya, cikin 'yan mintuna zai saki ya zama ruwa-ruwa da ƙarfinsa duka, sai a mayar wuta ya tafasa sau ɗaya. Garin tsiron a gida ake yi: a jiƙa gero kwana guda, a shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu a rufe kwana biyu zuwa uku har ya tsiro, a shanya ya bushe, a murje saiwar da tsiron a sheƙe, a niƙa ƙwayar. In dawa ce murjewar wajibi ce, domin tsironta na da guba.

Akwai gidajen da duk wannan lissafi ba zai kai su ba: gwauruwa mai marayu, waɗanda rikici ko ambaliya ya raba da gonakinsu, tsohon da ba mai nema masa. Nan haƙƙi ya koma kan masu hali da hukuma. Zakkar amfanin gona ɗaya bisa goma ce a noman ruwan sama, ɗaya bisa ashirin a na ban ruwa, kuma mai fitar da zakkar wake in ya miƙa ta cikin jarka rufaffiya ya tsare wa mai karɓa ita har damina. Hukumar Hatsi da ke Garwa, wadda aka kafa a 1975 don ta sayi hatsi a kaka ta fitar lokacin tsada, ina ganin amfaninta zai fi kai wa talaka in ana sayarwa a kilo 5 da kilo 10 cikin unguwanni daga Yuni zuwa Agusta, domin sayar da buhu mai kuɗin buhu yake taimaka wa. Asibitocin unguwa su mai da ranar rigakafi ranar koyar da garin kunu da garin tsiro, a dama a gaban iyaye mata su gani da idonsu. Ƙananan hukumomi kuma, tunda suna karɓar kuɗin rumfa a kowace kasuwa, su dubi ma'auni. Tasar da aka bubbuge gindinta ta shige ciki tana cin loma daga kowane awo, kuma mai awon rabin tasa ce ta fi jin zafinta. A ajiye sikeli da tasa ta hukuma a bakin kowace kasuwar hatsi, kyauta, inda mace za ta juye awonta ta gani kafin ta kama hanyar gida.